ZAƁEN AMURKA NA 1932: YADDA KARAYAR ARZIKI TA KAYAR DA SHUGABA MAI CI

(Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar a zamanmu na nazarin tarihi na wannan wata. Mun kawo shi ne domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)



 Maudu'in da aka ɗora mana shi ne zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 1932, wanda aka yi a tsakiyar karayar arzikin da ƙasar ba ta taɓa ganin irinta ba, kuma wanda Franklin Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye a kan shugaba mai ci, Herbert Hoover. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu da zaɓen da aka yi a wata nahiya, shekaru masu yawa da suka wuce? Amsa ita ce, a cikin wannan zaɓe akwai mas'aloli guda uku da ke dawowa a ko'ina aka ba talaka ƙuri'a a hannu alhali tukunyarsa ba ta kan wuta. Me ke sa al'umma ta juya wa shugabanta baya gaba ɗaya? Wane nauyi ne rinjaye ke ɗora wa wanda ya same shi? Ina kuma iyakar ikon da rinjaye ke bayarwa? A kan waɗannan za mu gina jawabinmu.

YADDA ARZIKIN YA KARYE

Domin mu fahimci 1932, wajibi ne mu koma 1928. A wannan shekara Herbert Hoover na jam'iyyar Rifablikan ya ci zaɓe da rinjaye babba: ya ɗauki jihohi 40 daga cikin 48, da wakilan zaɓe 444, abokin takararsa Al Smith kuwa ya tashi da 87. Hoover ba ƙaramin mutum ba ne. Maraya ne da ya tashi cikin rashi a jihar Iowa, ya zama injiniyan haƙar ma'adinai, ya yi dukiya da guminsa, ya kuma yi suna a duniya saboda ciyar da mutanen Beljiyam a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kai agajin abinci Rasha a yunwar 1921. A jawabinsa na karɓar takara ya shaida wa jama'a cewa Amurka ta kusa cin nasara a kan talauci fiye da kowace ƙasa a tarihi. Mu riƙe wannan magana, domin ita ce aka riƙa yi masa gori da ita bayan shekara huɗu.

A ƙarƙashin wannan wadata kuwa akwai gara tana ci. Manoma sun daɗe cikin bashi tun da farashin amfanin gona ya faɗi bayan yaƙi. Masana'antu suna ƙera kaya fiye da abin da albashin ma'aikata zai iya saye, saboda haka aka riƙa sayar da mota da rediyo bashi, ana biya kaɗan-kaɗan. Uwa uba ga kasuwar hannun jari ta Niyu Yok, inda mutum zai biya kashi goma kacal cikin ɗari na kuɗin hannun jari, dillali ya ranta masa sauran, da fatan farashi zai ci gaba da hawa. Matuƙar farashi na hawa kowa na murna. Ranar da ya fara sauka, dillalai suka nemi kuɗinsu, masu bashi suka ruga sayarwa, sayarwar kuma ta ƙara karya farashin. Ranar Talata 29 ga Oktoba 1929 an sayar da hannun jari kimanin miliyan 16 a yini ɗaya. Daga watan Satumba 1929 zuwa Yuli 1932 ma'aunin farashin manyan kamfanoni ya sauko daga 381 zuwa 41, wato kusan kashi 90 cikin ɗari ya narke.

Sai dai abin da ya shiga gidan talaka kai tsaye shi ne rushewar bankuna. A lokacin babu inshorar ajiya, idan banki ya rufe, kuɗin mai ajiya sun tafi ke nan. Don haka da zarar jita-jita ta tashi, sai jama'a su yi layi kowa na neman nasa, alhali babu bankin da ke riƙe da dukan ajiyar mutane a cikin akwatinsa, ya riga ya bayar da yawancinta rance. Ta haka banki mai lafiya ma yake mutuwa. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kimanin 9,000 suka rufe. Kuɗin da ke zagayawa a hannun jama'a ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babban bankin ƙasar kuwa, maimakon ya saki kuɗi, sai ya ƙara kuɗin ruwa a watan Oktoba 1931 domin ya kare darajar dala, wadda a lokacin take ɗaure da zinariya. Masana biyu, Milton Friedman da Anna Schwartz, sun nuna a nazarin da suka fitar a 1963 cewa wannan ƙuncin kuɗi na daga cikin manyan abubuwan da suka mayar da faɗuwar kasuwa ta zama bala'in shekaru. Daɗin daɗawa, a watan Yuni 1930 Hoover ya sa hannu a dokar da ta ɗaga harajin shigo da kaya fiye da iri 20,000, duk da masana tattalin arziki sama da dubu sun rubuta masa suna roƙon kada ya sa. Wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya ƙanƙance. Har nan ƙasarmu abin ya taɓa: farashin gyaɗa ya faɗi a Kano, aka sallami leburori da yawa daga haƙar kuza a Jos.

Natijar wannan duka ita ce, kafin ƙarshen 1932 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na masu neman aiki a Amurka ba shi da aikin yi, wato mutane fiye da miliyan 12. Auduga da ake sayar da laba ɗaya senti 17 ta koma senti 6. Alkama ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na farashinta. A jihohin noma an ga manoma suna hura wuta da masara saboda ta fi gawayi araha, wasu suna tsare hanya suna zubar da madara domin a ɗaga farashi, alhali a birane mutane na layin karɓar miya da burodi. Wato abinci na ruɓewa a gona, yunwa na cin mutane a gari, abin da ya raba su shi ne rashin kuɗin saye.

ABIN DA HOOVER YA YI DA ABIN DA YA ƘI YI

Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa Hoover bai naɗe hannu ba. Ya tara shugabannin kamfanoni ya roƙe su kada su rage albashi. Ya ƙara ayyukan gine-gine na gwamnati. A watan Janairu 1932 ya kafa hukumar ba da rance ga bankuna da kamfanonin jiragen ƙasa da na inshora domin kada su durƙushe. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya a kansa ƙyam: ba ya yarda gwamnatin tarayya ta ba talaka agaji kai tsaye. A ganinsa wannan aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin jinƙai, kuma idan gwamnatin tarayya ta shiga, za ta kashe wa mutane zuciyar neman na kansu. Matsalar ita ce baitulmalin jihohi da na ƙungiyoyin ya riga ya ƙafe. Sai a watan Yuli 1932, wata huɗu kafin zaɓe, ya amince a ranta wa jihohi dala miliyan 300 domin agaji. A idon talaka lissafin a fili yake: mutumin da ya ciyar da Beljiyam ya sami kuɗin ceton bankuna, amma ya rasa na ceton magidanci.

Jama'a suka huce haushinsu da baki. Unguwannin bukkokin kwali da langa-langa da marasa muhalli suka kakkafa a gefen birane aka kira su garuruwan Hoover. Tsohuwar jaridar da mutum ke lulluɓa da ita a dare aka ce mata bargon Hoover. Aljihun da aka zazzago waje babu ko kwabo aka ce masa tutar Hoover. Duk shugaban da sunansa ya koma sunan wahalar mutane, to, hukunci ya riga ya sauka a kansa tun kafin a buɗe rumfar zaɓe.

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ne a bazarar 1932. Tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna da takardun wata garaɓasa da doka ta tanadar musu a 1924, amma ba za a biya ba sai 1945. Da yunwa ta matsa, dubbai daga cikinsu, wasu da mata da 'ya'ya, suka yi tattaki zuwa Washinton suka kafa sansani suna neman a biya su nan take. Majalisar Wakilai ta amince, Majalisar Dattawa ta ƙi a ranar 17 ga Yuni. Ranar 28 ga Yuli aka yi arangama da 'yan sanda, aka harbe biyu daga cikinsu, sannan aka turo soja a ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur da dawakai da tankokin yaƙi da barkonon tsohuwa, aka kore su, aka ƙone sansanin nasu. Hotunan suka bazu a jaridu da gidajen silima. Ƙasa gaba ɗaya ta ga sojan gwamnati yana korar waɗanda suka yi mata yaƙi jiya, saboda sun zo neman abin da za su ci.

WANE NE ROOSEVELT?

Abin mamaki, wanda talakawa suka runguma ɗan masu hannu da shuni ne tun kaka da kakanni. An haifi Franklin Roosevelt a 1882 a jihar Niyu Yok, kuma dangi ne na nesa ga tsohon shugaba Theodore Roosevelt. Ya yi mataimakin sakataren rundunar ruwa, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1920 ya faɗi. A 1921, yana da shekara 39, ciwon da aka gano shan-inna ne ya kama shi, bai sake takawa da ƙafafunsa ba sai da ƙarafa da sanda da mai tallafa masa. Da yawa suka ɗauka siyasarsa ta ƙare. Amma a 1928 ya ci gwamnan Niyu Yok, aka sake zaɓensa a 1930, kuma a 1931 ya kafa hukumar agajin marasa aiki ta jihar da dala miliyan 20. Wannan ne ya zama shaidarsa a gaban jama'a: abin da Hoover yake cewa ba aikin gwamnati ba ne, shi ya riga ya aikata shi a jiharsa.

Jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi a babban taronta na Shikago a farkon Yuli 1932, a zagaye na huɗu na ƙuri'a, bayan da John Garner na jihar Texas ya janye masa ya karɓi takarar mataimaki. Al'ada a lokacin ita ce ɗan takara ya zauna gida makonni har a aiko masa da sanarwa. Roosevelt ya karya al'adar, ya hau jirgin sama ya je zauren taron da kansa, a nan ne ya yi wa mutanen Amurka alkawarin abin da ya kira Sabon Tsari.

To, mene ne Sabon Tsarin? A nan ya kamata mu tsaya mu lura, domin a lokacin yaƙin neman zaɓe babu wanda zai iya zayyana shi dalla-dalla. A watan Afrilu ya yi magana a rediyo kan mutumin da aka manta da shi a can ƙasan tsanin arziki. A watan Mayu ya ce ƙasa na buƙatar gwaji mai ƙarfin hali, a jarraba hanya, in ta ƙi a faɗi gaskiya a jarraba wata. Amma kuma a watan Oktoba, a birnin Pittsburgh, ya zargi Hoover da almubazzaranci, ya yi alkawarin rage kashe kuɗin gwamnati da daidaita kasafi, abin da ya saɓa da yawancin ayyukan da ya yi daga baya. Jam'iyyarsa ta kuma yi alkawarin soke dokar haramta sayar da barasa da aka kafa tun 1920, wanda ya jawo mata ƙuri'u masu yawa a birane. Fitaccen ɗan jarida Walter Lippmann ya siffanta shi a farkon shekarar da cewa mutum ne mai fara'a, maras wata cancanta ta musamman, wanda dai yake matuƙar son zama shugaba. Shi kuwa Hoover ya yi ta jawabai masu tsawo cike da alƙaluma, yana gargaɗin cewa in aka sauya manufarsa ta haraji ciyawa za ta tsiro a titunan birane. A wasu garuruwan, irin su Detroit, da ihu aka tarbe shi.

RANAR ZAƁE

A tsarin Amurka kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisu, kuma galibi wanda ya fi ƙuri'u a jiha shi ke kwashe wakilanta duka. A lokacin jimlar wakilan 531 ce, ana buƙatar 266 domin a ci. Ranar 8 ga Nuwamba 1932 Roosevelt ya sami 472, Hoover ya sami 59. Roosevelt ya ɗauki jihohi 42, Hoover ya tsira da 6 kacal, dukansu a arewa maso gabas: Pennsylvania, Delaware, Connecticut, Vermont, New Hampshire da Maine. A ƙuri'un jama'a Roosevelt ya sami kimanin miliyan 22.8, wato kashi 57 cikin ɗari, Hoover kuwa miliyan 15.8, wato ƙasa kaɗan da kashi 40. Dimokurat ta kuma kame kujeru 313 daga cikin 435 na Majalisar Wakilai, ta sami rinjaye mai faɗi a Majalisar Dattawa. Mu tuna cewa daga 1860 zuwa wannan rana 'yan Dimokurat biyu kaɗai aka taɓa zaɓa shugaba, Cleveland da Wilson.

Akwai wasu alƙaluma biyu da ba a cika ambata ba. Ɗan takarar jam'iyyar gurguzu, Norman Thomas, bai kai ƙuri'a miliyan ɗaya ba, na kwaminis kuwa ya sami ɗan abin da ya haura dubu ɗari. Wato duk da tsananin wahala, jama'a ba su nemi rushe tsarin ƙasarsu ba, sun nemi a sauya direba ne. Mu gwada wannan da Jamus, wadda a wannan shekara take da marasa aiki kimanin miliyan 6. A can jam'iyyar Hitler ce ta sami kashi 37 cikin ɗari a zaɓen Yuli 1932, kuma ranar 30 ga Janairu 1933 aka naɗa shi shugaban gwamnati. Yunwa iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ta ɗora mutane biyu masu bambancin gabas da yamma. Wannan ya nuna mana cewa fushin mayunwaci yana iya kayar da mai mulki, amma ba shi ke tantance nagartar wanda zai gaje shi ba.

BIYAN BASHIN RINJAYE

A lokacin sabon shugaba ba ya karɓar mulki sai 4 ga Maris, wato wata huɗu bayan zaɓe. A cikin waɗannan watanni abubuwa suka ƙara dagulewa. Hoover ya nemi Roosevelt ya fito ya goyi bayan manufofinsa domin a kwantar da hankalin kasuwa, Roosevelt ya ƙi ɗaure kansa da abin da jama'a suka yi watsi da shi a rumfar zaɓe. Ranar 14 ga Fabrairu 1933 jihar Michigan ta rufe bankunanta, tsoro ya bazu zuwa sauran jihohi. Washegari a Miami wani mutum ya harbi inda Roosevelt yake, ya kuskure shi, ya sami magajin garin Shikago, Anton Cermak, wanda ya rasu bayan makonni. Ranar rantsarwa yawancin bankunan ƙasar a rufe suke ko an taƙaita cire kuɗi.

A jawabinsa na ranar ya ce wa jama'a tsoron da ya kama su shi ne babban abin tsoro, ya kuma nemi a ba shi ikon yaƙar wannan hali kamar yadda za a ba shi idan abokan gaba suka shigo ƙasa. Ranar 6 ga Maris ya rufe dukan bankuna. Ranar 9 majalisa ta zartar da dokar gaggawa ta bankuna a yini ɗaya. Ranar Lahadi 12 ga wata da dare ya yi wa jama'a magana ta rediyo, irin hirar da daga baya aka laƙaba wa suna hirar bakin murhu, ya yi musu bayani da harshen da kowa zai gane kan yadda banki ke aiki, da dalilin rufewa, da cewa sai wanda aka bincika aka tabbatar da lafiyarsa za a buɗe. Da aka buɗe washegari, kuɗin da mutane suka mayar ajiya ya fi wanda suka cire. Ba a ƙara ko sisi a aljihun kowa ba a wannan dare, amana ce ta dawo saboda an yi wa mutane bayani kamar masu hankali.

Daga 9 ga Maris zuwa 16 ga Yuni, wato kwana ɗari, aka zartar da manyan dokoki goma sha biyar. An kafa rundunar matasa masu dashen itatuwa da gyaran ƙasa, wadda a tsawon rayuwarta ta ɗauki matasa kimanin miliyan 3, ana biyan kowa dala 30 a wata, ana aika 25 daga ciki ga iyalinsa. An ware dala miliyan 500 na agaji kai tsaye ta hannun jihohi. An kafa hukumar kwarin kogin Tennessee domin gina madatsun ruwa da samar da lantarki. An raba bankin ajiya da bankin kasuwancin hannun jari, aka kafa inshorar ajiya. An kwance dala daga zinariya. A 1935 kuma aka kafa tsarin fanshon tsofaffi da tallafin marasa aiki, aka ba ma'aikata haƙƙin kafa ƙungiya, aka buɗe hukumar ayyuka da ta ɗauki mutane fiye da miliyan 8 kafin a rufe ta.

Jama'a suka yi sakayya a 1936: Roosevelt ya sami wakilai 523, Alf Landon ya sami 8, jihohi 46 da 2. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 2 ta yi hasashen Landon ne zai ci, amma da yake yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta samo su, ra'ayin masu hali ta auna. Bayan shekara biyu ta daina fitowa.

IYAKAR RINJAYE

Kada 'yan'uwa su ɗauka mun zo yabon mutum ne. Akwai abubuwan da dole a faɗa. Sabon Tsari bai kawar da rashin aiki ba. Da gwamnati ta rage kashe kuɗi a 1937 tattalin arziki ya sake faɗuwa, marasa aiki suka koma kusan kashi 19 cikin ɗari a 1938, kuma ba a ga ƙarshen matsalar ba sai da masana'antun Yaƙin Duniya na Biyu suka haɗiye ma'aikata. Domin ɗaga farashin amfanin gona an biya manoma su nome audugar da ta riga ta tsiro a eka kimanin miliyan 10, wanda ya sa masu gonaki a kudu suka kori 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai, da yawa daga cikinsu baƙar fata. Su kuwa baƙar fata na kudu, yawancinsu ba su ma jefa ƙuri'a a zaɓen da muke magana a kai ba, domin an toshe su da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazana. Dokar fansho ta 1935 ta bar ma'aikatan gona da 'yan aikin gida a waje. Roosevelt ya ƙi fitowa ya goyi bayan dokar hana kisan gilla da gungun fararen fata ke yi wa baƙar fata, saboda yana buƙatar ƙuri'un 'yan majalisar kudu. A 1942 kuma ya sa hannu a umarnin da ya kai ga tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasa ne.

Rinjayen 1936 shi kansa ya ruɗe shi. Da yake Kotun Ƙoli ta soke wasu manyan dokokinsa a 1935 da 1936, sai a watan Fabrairu 1937 ya kawo ƙudurin da zai ba shi damar ƙara alƙalai har shida a kan taran da ake da su. 'Yan jam'iyyarsa ne da kansu suka taka masa burki a Majalisar Dattawa, ƙudurin ya mutu a watan Yuli. A zaɓen 'yan majalisa na 1938 jam'iyyar ta rasa kujeru fiye da 70 a Majalisar Wakilai. Ya sake cin zaɓe a 1940 da 1944, ya rasu a kan mulki ranar 12 ga Afrilu 1945, amma a 1951 aka gyara tsarin mulki domin kada wani ya sake wuce wa'adi biyu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mu koma ga mas'alolinmu uku. Na ɗaya, abin da ya kayar da Hoover ya wuce karayar arziki ita kaɗai. Ya fifita ra'ayinsa kan halin da mutane suke ciki, yana ta cewa sauƙi na tafe alhali kowa na ganin akasin haka a cikin gidansa, har maganarsa ta daina shiga kunne. Ilimi da ƙwarewa da tsohon suna ba su cece shi ba. Na biyu, rinjaye irin na 1932 hukunci ne a kan wanda ya sauka kafin ya zama yabo ga wanda ya hau, saboda haka bashi ne a wuyan sabon shugaba, kuma Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Darajar Roosevelt a tarihi ta samo asali ne daga saurin fara biyan wannan bashi tun makonsa na farko. Na uku, ƙuri'a komai yawanta ba ta halatta wa shugaba ya haɗiye kotu, kuma ba ta wakiltar waɗanda aka hana jefa ta.

Saura nasiha gare mu, masu jefa ƙuri'a. Lokacin tsanani shi ne lokacin da mutum ya fi sauƙin yaudaruwa, domin duk wanda ya ɗaga murya a kan mai mulki sai a ga kamar mai ceto ne. Idan irin wannan rana ta zo mana, kada mu tsaya ga tambayar wa za mu kayar. Mu tambayi mai neman hawa me ya aikata a ƙaramar kujerar da ya taɓa riƙewa, su wa ke kewaye da shi, wace hukuma ce kuma za ta iya ce masa a'a ranar da rinjaye ya hau masa kai.

A nan za mu dakata domin a ba da damar tambayoyi da gyara.